Lamba ba yunit rabin magana ce: tambayoyi da amsoshi kan awo da daimenshin a manhajojin simuleshin

Waɗannan tambayoyin ne ɗalibai da injiniyoyi suka fi yi min kan manhajojin simuleshin, wato masu kwaikwayon yadda abu zai yi aiki ta hanyar lissafi a kwamfuta, musamman lokacin furojet, mutum ya kwana yana gina modal, ya danna ron, kwamfuta ta fito masa da amsa mai kyaun gani da girafi kala-kala, alhali amsar ta kauce da ninki dubu. Na gaji da maimaita amsa ɗaya shi ya sa na tara su wuri guda.

Malam wai mene ne bambancin kwantiti da yunit da daimenshin? Ni duk ɗaya nake ganinsu

Je kasuwa ka ce a ba ka gero "uku" ka gani, mai awo zai tambaye ka uku me, mudu ko tiya ko buhu. Geron da kake son a auna shi ne kwantiti, wato abin da ake aunawa, mudun shi ne yunit, ukun kuma lamba ce kawai. Daimenshin kuwa jinsin awon ne: mudu da lita da galan duk jinsinsu ɗaya, cikar wuri suke aunawa, tsawo sau tsawo sau tsawo. Kilo kuma wani jinsi ne daban, shi ya sa mudun gero da mudun garin rogo ba za su hau sikeli su ba ka lamba ɗaya ba duk da kwanon ɗaya ne.

A tsarin SI, wato tsarin awo na ƙasa da ƙasa, wanda aka amince da shi a 1960, yanzu asalin yunit bakwai ne: mita, kilogiram, sakan, amfiya, kelbin, mol, da kandela. Duk sauran, su nyuton da faskal da jul da wat, haɗa waɗannan aka yi. Wani abu da ke rikita mu Hausawa, kalmar "nauyi" muna faɗinta ga abu biyu, ga mas wanda ake aunawa da kilogiram, da kuma ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi wanda nyuton ne. A hira ba matsala, a modal kam sai ka raba su.

To ita kwamfuta ta ya take gane daimenshin, ba lamba kaɗai ta sani ba?

Da lamba ɗin take ganewa. Kowane kwantiti ana liƙa masa jerin lambobi bakwai, kowace lamba tana nuna sau nawa wannan asalin yunit ya shiga. OpenFOAM, manhajar lissafin kwararar ruwa da iska, shi ne ya fi fito da abin fili, ka buɗe fayil ɗin U za ka ga `[0 1 -1 0 0 0 0]`, jerin shi ne mas, tsawo, lokaci, zafi, mol, lantarki, haske, ka ga kenan tsawo ɗaya a sama lokaci ɗaya a ƙasa, mita a sakan, gudu. Nyuton zai zama 1, 1, -2 sai sifili huɗu.

Dokar wasan ba ta da wuya. In ka ninka abu biyu sai a tara jerin nasu, in ka raba sai a ɗebe, in kuma za ka tara ko ka ɗebe ko ka sa alamar daidai tsakaninsu to dole jerin ya zama iri ɗaya sak, in ba haka ba manhaja ta tsaya ta yi maka ihu. Abin da za ka saka cikin sin ko exp ko log kuma dole ya zama duk sifili, babu wani abu wai shi logarizim na mita biyar. Tunanin nan ba sabo ba ne, Joseph Fourier ya rubuta shi tun 1822 a aikinsa kan yaɗuwar zafi, Edgar Buckingham kuma a 1914 ya fitar da ka'idar nan ta fai (π) da ake koyarwa a ajin fuluwid, wato darasin kwararar ruwa da iska. Kwamfuta dai ta zo ta karɓi aikin duban ne, tunda ita ba ta gajiya.

Duk manhajojin simuleshin ne ke yin wannan duban?

Ina! Nan ne ma matsalar take, mutane suna ɗauka tunda manhajar mai tsada ce ai ta san komai.

Akwai waɗanda ba ruwansu da yunit kwata-kwata, Abaqus da LS-DYNA misali, masu lissafin yadda abu ke jure ƙarfi, lamba ka ba su lamba za su ba ka. Akwai waɗanda ka zaɓi tsari ɗaya tun farko su ɗauka duk abin da ka rubuta a tsarin yake, irin su EPANET na masu lissafin bututun ruwan gari, da LAMMPS na masu simuleshin ƙwayoyin zarra, wanda in ka ce `units real` lokaci a femtosakan yake makamashi a kcal/mol, in ka ce `units metal` lokaci ya koma fikosakan makamashi eV. Sai kuma masu dubawa da gaske: COMSOL kana rubuta yunit a gefen lamba ya juya maka, in bai dace ba rubutun ya canja launi, Simscape ma haka, sai yaren Modelica.

Modelica ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ya fito a 1997, Hilding Elmqvist ne ya jagoranci aikin, kuma a cikinsa kowace bariyabul ta Real tana da sifofi: quantity, unit, displayUnit, min, max, nominal. In ka rubuta `Modelica.Units.SI.Length L` to L ta zo da mita a jikinta. displayUnit kuwa ado ne kawai, za ka iya cewa a nuna maka milimita a girafi amma lissafin ciki na nan a mita. Sai dai fa rubuta yunit daban, duba shi daban, duban ya danganta da manhajar da kake ron ɗin modal da ita. Dymola yana dubawa, OpenModelica wanda kyauta ne kuma shi yawancinmu muke iya samu, sai ka je ka kunna duban da kanka.

A Abaqus na ga an sa densiti na ƙarfe 7.85e-9, ba 7850 ba ne?

Duka biyun daidai ne, ya danganta da gidan da kake. Tunda Abaqus bai san yunit ba, kai ne za ka tabbatar yunit ɗinka sun jitu da juna, wato dokar Newton ta fito ba tare da an cusa wata lamba ba. Ka zana abin da kake gwadawa a milimita, kana son ƙarfi a nyuton, lokaci a sakan, to mas ba ka da zaɓi kuma, dole tan ne, saboda tan ɗaya sau milimita ɗaya a sakan a sakan shi ne nyuton ɗaya cif. Daga nan densiti ya zama tan a milimita kubik, 7.85e-9, modulus na Young, wato awon taurin ƙarfen, ya zama 210000 a megafaskal, jan ƙasa kuma 9810 ba 9.81 ba.

Abin haushin shi ne kuskuren yana iya ɓuya. In lissafin tsaye kake yi ba ka sa jan ƙasa ba, densiti ba ya shiga ko'ina, ka sa 7850 komai ya fito lafiya, kai har ka kare furojet. Ranar da ka ce bari ka duba firikwensin girgiza ko ka yi gwajin karo, mas ɗinka ya ninku sau tiriliyan ɗaya, firikwensi ya faɗi da ninki miliyan. Na taɓa zama da wani ɗalibi kusan awa biyu muna zargin mesh, wato ragar da ake yanka modal da ita gunduwa-gunduwa, ashe wannan ne.

EPANET ya ba ni firesha mai kyau ko'ina a netwok ɗina, amma malamina ya ce ba daidai ba ne. Me zan duba?

Duba yunit ɗin kwarara kafin komai. A EPANET wannan zaɓin guda ɗaya shi ke yanke hukuncin sauran duka, in yana kan GPM, galan a minti, wanda shi yake zuwa a kai tunda hukumar kare muhalli ta Amurka ce ta yi manhajar, to tsawon bututu a ƙafa yake, faɗinsa a inci, firesha a psi, wato fam a murabba'in inci. In ka mayar LPS, lita a sakan, sai tsawo ya koma mita faɗi milimita. Yanzu ka ɗauka ka rubuta 300 kana nufin bututun milimita 300 alhali kana kan GPM, manhajar ta karanta inci 300, wato bututu mai faɗin mita 7.62, tirela za ta wuce ta ciki. Tsawon mita 500 ya zama ƙafa 500, buƙatar lita 5 a sakan ta zama galan 5 a minti, kusan lita 0.3 a sakan. Ta ya firesha ba zai yi kyau ba? Ruwa kaɗan a ƙaton rami ai ba ya asarar komai.

Kuma ka sani canja zaɓin daga baya ba ya juya lambobin da ka riga ka shigar, fassararsu kawai yake canjawa. A wannan karon hakan ya yi maka daɗi tunda dama mita kake nufi, amma in ka karɓi fayil ɗin wani da aka yi a ƙafa da inci ka canja zuwa LPS kana zaton ka juya, ka ɓata shi ne.

Mu a nan abin ya fi kama mu saboda a bakinmu tsarin biyu ne ke yawo, fili ƙafa hamsin da ɗari, bututu inci huɗu a wurin mai saida kayan famfo, zane kuma a mita. Galan ma biyu ne, na Amurka lita 3.785, na Ingila lita 4.546.

A OpenFOAM firesha ta fito 50 kacal a bututun ruwa, anya?

Buɗe fayil ɗin p ka kalli layin daimenshin. In ka ga `[0 2 -2 0 0 0 0]` to ba faskal ba ne, firesha ce da aka raba da densiti, haka solbobin (solba shi ne ɓangaren manhajar da ke warware lissafin) ruwan da ba ya matsuwa irin simpleFoam da icoFoam suke aiki. Ninka da densiti, na ruwa kusan 1000, 50 ɗinka faskal 50,000 ne. Manhajar ba ta ɓoye maka ba, a saman fayil ta rubuta, mu ne ba ma karantawa.

Labarin kumbon NASA da ya ɓace saboda yunit, gaskiya ne ko malamai ne ke tsorata mu?

Gaskiya ne wallahi. Sunansa Mars Climate Orbiter, an harba shi 11 ga Disamba 1998, aka rasa shi 23 ga Satumba 1999 daidai lokacin da zai shiga kewayen duniyar Mars. A hanya kumbon yakan kunna ƙananan injina don daidaita kansa, kowane kunnawa yana ɗan tura shi gefe, to manhajar ƙasa da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta ita ke lissafa wannan turin ta rubuta a fayil, ta rubuta shi a fam na ƙarfi sau sakan, su kuma masu lissafin hanya a JPL, cibiyar NASA, manhajarsu tana karantawa a matsayin nyuton sau sakan kamar yadda takardar yarjejeniya ta ce. Bambancin ninki 4.45 ne. Wata tara ana tara ɗan kuskure kan ɗan kuskure, an shirya ya wuce kilomita 226 sama da Mars, ya je ya wuce wajen kilomita 57, iskar duniyar ta gama da shi.

Abin da nake so ku lura, daimenshin ɗin daidai yake a ɓangarorin biyu, ƙarfi sau lokaci. Kowace manhaja a cikin gidanta lafiya take. A bakin ƙofa abin ya lalace, wurin da lamba ta fita daga wannan ta shiga waccan tsirara ba yunit. Yawancin kuskuren da nake gani a aikin ɗalibai ma nan yake, daga Excel zuwa modal, daga takardar kamfani zuwa akwatin shigarwa.

Akwai ma na jirgin Air Canada, Boeing 767, ranar 23 ga Yuli 1983, an lissafa mai da 1.77 wanda fam ne a lita maimakon kusan 0.8 kilo a lita, jirgi ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata, injina suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a tsohon filin jirgin soja na Gimli ba wanda ya mutu. Wannan da hannu aka yi lissafin, ba kwamfuta.

Me ya sa zafi ke ba da matsala haka? Selsiyos da kelbin ba 273 ne kawai tsakaninsu ba?

Wannan 273.15 ɗin shi ne fitinar. Yawancin sauran yunit ninkawa kawai ake yi a juya su, mita zuwa ƙafa, kilo zuwa fam, sifilinsu ɗaya. Selsiyos kuwa sifilinsa ba sifilin gaskiya ba ne, inda ruwa ke daskarewa ne kawai. Don haka digiri 40 ba ninkin digiri 20 ba ne. Gwada da dokar fitar zafi ta Stefan da Boltzmann mai T, wato zafi, da aka ninka da kansa sau huɗu: in ka sa selsiyos za ka ce kwanon rufi mai digiri 40 yana fitar da ninki 16 na mai digiri 20, in ka sa kelbin, 313.15 da 293.15, ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai. Dokar gas ma haka, kelbin take so.

Sannan akwai bambanci tsakanin zafi da tazarar zafi. Ɗaki yana digiri 30, wannan kelbin 303.15 ne. Ɗaki ya ƙaru da digiri 30, wannan kelbin 30 ne, ba a ƙara komai. Manhaja ba za ta san wanne kake nufi ba sai ka gaya mata, shi ya sa Modelica ke da nau'i daban na TemperatureDifference, Simscape ke da ɗan akwatin da ake dannawa a bulok ɗin juyawa don a sa ko a cire 273.15 ɗin, Pint na Python kuma ke da `delta_degC` kuma yakan ƙi ninka selsiyos kai tsaye. Mutane suna jin haushin wannan eror ɗin, ni kam ina ganin gata ne.

Firesha ma tana da irin wannan halin, abin da gejin mai faci ke nunawa ƙari ne a kan iskar duniya, faskal 101325 a bakin teku, lissafin gas kuma cikakkiyar yake so.

In manhaja ta ce yunit sun daidaita, shikenan modal ɗina daidai ne?

A'a. Ta dai ce ba ka tara akuya da buhun masara ba. In ka manta rabin da ke gaban m v² duban ba zai gani ba, in ka sa alamar ɗebewa wurin tarawa ba zai gani ba.

Har ma akwai abubuwan da jerin lambobinsu ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba ne. Ƙarfin murɗawa, tok, nyuton mita ne, makamashi ma nyuton mita ne wato jul, manhaja za ta bar ka ka tara su. Haz na firikwensi da bekerel na radiyeshin duk ɗaya bisa sakan ne. Wanda ya fi cin mutane shi ne juyawa, saboda radiyan a SI ba shi da daimenshin, mita bisa mita ne. Janareto mai fol huɗu da ke ba da haz 50 yana juyi 1500 a minti, wato zagaye 25 a sakan, wato radiyan 157 a sakan, lambobi uku na abu ɗaya kuma a idon mai duba daimenshin duk ɗaya bisa lokaci ne. Ka ninka tok da 1500 maimakon 157 fawarka ta haura da ninki 9.55. Wannan sifar quantity da Modelica ta ware daban da unit saboda irin haka ne, a san jinsin abu ba yunit ɗinsa kaɗai ba, duk da ba kowace manhaja ke amfani da ita wurin dubawa ba.

Na sa ikweshin ɗin Manning, mai duba yunit ya ƙi shi, alhali daga littafi na kwafa

Littafin bai yi ƙarya ba, mai duban ma bai yi ba. Irin waɗannan ikweshin daga gwaji aka samo su, an auna ruwa a magudana an nemo layin da ya bi bayanan, sai aka ɓoye yunit a cikin lambar da ke gaba. Manning, ikweshin gudun ruwa a magudana, yana da radiyos mai ƙarfin biyu bisa uku, kafin gudu ya fito a mita a sakan dole n, lambar kaushin magudanar, ta ɗauki sakan bisa mita mai ƙarfin ɗaya bisa uku, amma teburin littafi yana nuna n kamar lamba tsura. Shi ya sa a littattafan Amurka za ka ga 1.486 a gaba, a na SI ba ka gani, wannan 1.486 ɗin ba komai ba ne illa saiwa ta uku ta 3.2808, adadin ƙafa a mita. Ikweshin Hazen-Williams na bututun ruwa ma haka, 10.67 a SI, 4.73 a ƙafa.

Mafita biyu ce. Ko ka ba wa lambar yunit ɗinta na gaskiya in manhajar tana karɓar ƙarfi mai ɓari, ko ka raba kowace bariyabul da yunit ɗinta ta zama tsura, ka yi lissafin, ka mayar wa amsar yunit, ka rubuta a gefe cewa wannan layin a mita da sakan kaɗai yake aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kashe duban gaba ɗaya saboda layi ɗaya.

Na sauke bayanan ruwan sama na modal ɗin yanayi don yankinmu, lambobin duk 0.0000 kaza ne

Ba fari aka yi ba. A fayilolin NetCDF na CMIP, wato shirin haɗa sakamakon modal ɗin yanayi na duniya, bariyabul ɗin `pr` na ruwan sama yana zuwa a kg m-2 s-1, kilo nawa na ruwa ke sauka a murabba'in mita a kowane sakan. Kilo ɗaya na ruwa a murabba'in mita ɗaya zurfin milimita ɗaya ne, don haka ninka da 86400, sakan ɗin yini, ka samu milimita a rana: 0.0001 ya zama 8.64. ERA5, wani kundin bayanan yanayi, kuma nasa jimillar ruwan a mita yake bayarwa, da 1000 za ka ninka, ka kuma duba na tsawon wane lokaci aka tara. Zafinsu duka a kelbin. Kafin ka zuba su a modal ɗin ruwa ko na amfanin gona irin SWAT ko AquaCrop ka karanta sifar units da ke jikin fayil ɗin, an rubuta. Ka duba kalanda ma, wasu modal na ofishin yanayi na Ingila shekararsu kwana 360 ce, kowane wata 30, har da 30 ga Fabrairu.

Ni modal ɗina na kasuwa da jama'a ne a Vensim, ba fiziks ba. Ya shafe ni?

Sosai ma. A can kai ke ƙirƙiro yunit ɗinka, naira, buhu, mutum, hekta, kuma dokar ɗaya ce: abin da ke taruwa in buhu ne, abin da ke shiga da fita dole buhu a wata ne ko buhu a shekara, daidai da lokacin modal ɗin. Abin da ba shi da yunit a rubuta masa Dmnl. Vensim bai san "mutum" da "mutane" abu ɗaya ba ne sai ka shiga saitin ka haɗa su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙaruwar jama'a ta shekara a modal mai tafiya wata-wata, garin ya cika ya batse cikin shekara kaɗan. Kuma don Allah kar ka ƙirƙiro wata bariyabul mai darajar 1 da yunit na ƙarya don kawai eror ya tafi, in ba za ka iya faɗin ma'anarta a duniyar gaske ba to ikweshin ɗin ne ke da gyara.

Masu lissafin sola ku ma ku ji, kW da kWh ba ɗaya ba ne, na farko gudu ne na biyu tari, Ah kuma ba makamashi ba ne sai an ninka da bolt, batir 200Ah mai bolt 12 shi ne 2400Wh.

Da kaina nake rubuta kod. Me zan yi amfani da shi, kuma ba zai rage gudu ba?

A Python akwai Pint da astropy.units, a Julia akwai Unitful, a C++ akwai Boost.Units da mp-units. F# kuwa a cikin yaren aka gina shi, kana rubuta `9.81<m/s^2>`, aikin Andrew Kennedy ne wanda digirinsa na uku a Kambirij a kan wannan batun yake.

Maganar gudu ta danganta da lokacin da ake duban. A F# da C++ kampaila, mai juya kod zuwa yaren inji, shi ne ke dubawa kafin furogiram ya tashi, yana gamawa ya goge yunit ɗin, abin da ke ron lamba ce tsura, ba ka biya komai ba. A Python kuwa ana dubawa ne yayin ron, kowane tarawa sai an kwatanta jeri, in ka sa shi cikin luf mai zagaye miliyan za ka ji a jikinka. Yadda nake yi, Pint a bakin ƙofa, duk abin da ya shigo a juya shi SI a tabbatar da jinsinsa, cikin solba lamba tsura, wurin fita a mayar da yunit. Geant4 na masu fiziks ɗin nukiliya wata dabara ya bi, cikinsa milimita ne da nanosakan da MeV, kana rubuta `10*cm` inda cm lamba ce kawai mai darajar 10, yana juya maka amma ba ya hana ka tara tsawo da lokaci.

In duk wannan ya yi maka yawa, ko sunan bariyabul ka gyara, `zurfi_m`, `kwarara_lps`. Ba ya kama kuskure amma wanda zai gaji kod ɗin zai yi maka addu'a.

A LTspice na sa resisto 10M, sakit ya yi kamar an haɗa waya kai tsaye

SPICE, wato dangin manhajojin kwaikwayon sakit ɗin lantarki irin LTspice, ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, M a wurinsa mili ne, ka sa miliom 10 kenan. Mega sai ka rubuta MEG. Haka in ka rubuta 1F a kafasito kana nufin farad ɗaya, femto ya karanta.

In zan haɗa modal biyu daga manhajoji daban fa?

Nan ne FMI, ƙa'idar musayar modal tsakanin manhajoji, ke shigowa, wanda ya fara fitowa a 2010, ana fitar da modal a matsayin fayil mai suna FMU a kai shi wata manhajar. A cikin fayil ɗin modelDescription.xml akwai wurin bayyana kowane yunit da ƙarfin kg, m, s, A, K, mol, cd, har da rad, sun ƙara radiyan a matsayin na takwas saboda rikicin juyawan nan da na faɗa, sannan da lambar ninkawa da ta ƙari saboda irin su selsiyos. Tsari ne mai kyau, sai dai cika wurin ba dole ba ne, kuma ba kowace manhaja mai karɓa ce ke dubawa ba. Buɗe fayil ɗin da idonka, FMU ɗin zif ne kawai, canja masa suna ka warware. Masu ɗaukar modal zuwa injin gem ma su kula, Unity yana ɗaukar yunit ɗaya a mita ɗaya, Unreal santimita.

Tunda duk SI zan yi, yunit zai iya shafar solba kuma?

Zai iya. Solba yana da iyakar kuskuren da zai yafe, toleran, kuma wani ɓangarensa lamba ce tsayayya, a ce 0.000001. Ga firesha mai faskal miliyan 20 a injin haidirolik wannan iyakar ta yi tsanani, solba ya riƙa ɗan taku yana ɓata lokaci, ga kwararar mai ta 0.00001 mita kubik a sakan a modal ɗin guda kuma iyakar ta kai kashi goma cikin ɗari na abin da ake nema, ya yafe kuskuren da bai kamata ba. Wannan ne aikin sifar nominal a Modelica, kana gaya wa solba girman da bariyabul ta saba kaiwa ya daidaita awonsa da shi, a su ode45 na MATLAB da solve_ivp na SciPy kuma za ka iya ba kowace bariyabul nata toleran ɗin maimakon lamba ɗaya ga kowa. Masu simuleshin zarra shi ya sa ba sa taɓa mita da sakan, GROMACS nanomita yake amfani da shi da fikosakan da kJ/mol, lambobin su tsaya kusa da ɗaya maimakon dogon jerin sifili bayan ɗigo.